Takardun Jirgin Baffa

A gindin dalbejiyar da ke ƙofar gidanmu a Maruta akwai wani farin jirgin ruwa a kife bisa tsofaffin tayoyi huɗu. Duk baƙon da ya zo sai ya tsaya ya kalle shi, ya kalli garin, ya sake kallonsa, sannan ya ce, "Wannan fa, daga ina?" Yara sun mayar da shi maɓoya, kaji sun mayar da shi inuwa. Na faiba ne, tsawonsa mita huɗu da rabi, yana ɗaukar mutum biyar in ba masu jiki ba ne. Injinsa, Yamaha mai ƙarfin doki 15, yana cikin zaure a lulluɓe da buhu. Takardunsa kuwa, guda goma sha ɗaya cif, suna cikin jakar leda mai zif a ƙasan akwatin Inna, wuri ɗaya da takardar gona. Jirgin nan ya yi tafiyar kusan kilomita dubu a kan tudu don ya shiga ƙasar waje. Ya je har bakin iyaka, ya leƙa, ya dawo.

Mu biyu muka haɗa wannan aiki, wa da ƙane. Babban, mai wannan rubutu, kwamfuta ya karanta a jami'a, rubuta manhaja ne abincinsa, yana zaune a Kano yana yi wa wani kamfani na nesa aiki ta intanet. Ƙaramin bakanike ne, duk injin ban-ruwan da ya yi gardama tsakanin Gwaram da Sara hannunsa yake zuwa. Tun muna yara ba a raba mu wajen laifi, don haka a nan ma ba za mu raba ba.

Baffa ƙanen mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu tun da Baba ya rasu a 1996. Kafin ya zama dattijon da ke zaune kan buzu yana jan carbi, ya yi wata rayuwa da ba mu gani ba. Bayan farin 1973, da gona ta ƙi, ya ɗauki komarsa ya yi yamma cin rani. Ya sauka Yawuri, ya shiga cikin Sarkawa, masuntan da kogin Kwara ne gonarsu, ya haura da su har Gaya ta ƙasar Nijar. Cin ranin wata huɗu ya zama shekara goma. A can ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace a 1980, a can kuma ya binne matar bayan shekara uku. Farkon 1984 aka aiko masa cewa kakanmu ba lafiya. Ya bar yarinyar wurin kakarta, ya ce wata biyu zai yi. A watan Afrilun shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Masu kwale-kwale ba su fasa ƙetarewa ba, kuma Baffa bai taɓa fakewa da rufe iyaka ba. Abin da yakan ce shi ne, kafin a buɗe iyakar, gida ya riga ya rufe a kansa: tsoho ya rasu, ga gona, ga ƙanne, ga sabon aure. Sau biyu ya koma, duk a mota, a 1987 da kuma 1997 wajen auren 'yar. A na ƙarshen kwana uku ya yi ya juyo, don ya baro marayu biyu a gida. Mu ke nan.

Wannan lissafi ya daɗe yana zaune mana a wuya. Yayarmu ta Gaya ba mu taɓa ganinta ido da ido ba, muryarta kawai muka sani a WhatsApp, da Hausarta mai ƙamshin Dandi. Da yana ta fara rufe wa Baffa ido ɗaya, na biyun ma ya fara hazo, sai ya koma sauraren saƙonninta sau uku-uku. Wata rana da daddare, bayan ya gama jin ɗaya, ya ce, kamar ba da mu yake ba: "Da ruwa na shiga garin nan. In da rabo, da ruwa zan koma." Muka kalli juna. A daren muka yanke cewa hutun ƙarshen shekarar 2024 a kan Kwara za mu yi shi, kuma a jirginmu na kanmu.

Kada mai karatu ya ɗauka ba mu san ruwa ba. Kogin Bunga a hancinmu yake. Da rani rairayi ne, yara na buga ƙwallo a cikinsa, amma a watan Agusta ba mai yi masa wasa. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa ƙasar Bauchi da Gwaram, a gaba ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe. Shi kuma wannan, kafin ya faɗa tafkin Chadi, shi ne iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa. Wato ruwan da Inna ke wanki da shi, in ya yi tsawon rai, iyakar ƙasa yake zama. A taswira har mun ɗan yi mafarkin bin sa. A zahiri ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwan fadamar Haɗeja da Nguru, kuma tun 2015 bakin Komadugu ba wurin yawon hutu ba ne. Ban da haka ma ba can Gaya take ba. Dole a ɗora jirgi a tirela a nufi Kabi.

Jirgin a Lakwaja muka saye shi, na hannu, da kuɗin aikin wata takwas. Injin daban muka saya, shi ma na hannu, wurin wani mai yasar rairayi. Ƙaramin ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya sake farfela, ya wanke kafireto, a ƙarshen Satumba da Bunga ya fara kwanciya muka gwada shi, rabin gari a bakin gaɓa. Baffa ya zauna a tsakiya bai ce uffan ba, sai da muka fito ya ce, "Yana da gudu, amma ba shi da kunya." Nufinsa, jirgin ba ya sauraren ruwa.

Babban shi aka bar wa takardu, tunda shi ne ɗan boko. Ya buɗe kwamfuta da ƙarfin gwiwar wanda ya saba samun amsar komai cikin minti biyar. Abin da intanet ta zubo masa duk na Turawa ne. Mutumin Ingila da ke son jan ɗan jirginsa zuwa Faransa hutu, an shimfiɗa masa komai: rajistar ƙananan jirage da ba su kai mita 24 ba, takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa, jarrabawar ƙa'idojin bin koguna da magudanan Turai, har da cewa jirgin da ya zo daga wajen Tarayyar Turai yana iya zama wata 18 ba a nemi harajin shigowa a kansa ba. A Faransa, injin da ya haura ƙarfin doki 6 sai da lasisi. Mun karanta har mun iya ba wa mutumin Landan shawara. Amma ɗan Maruta da ke son shiga Gaya ta ruwa, shiru kake ji. Abin da muka tsinta daga karatun Turawan, wanda kuma ya yi mana amfani, shi ne cewa ko'ina a duniya tambayoyin ba sa canjawa. Jirgin na wane ne? Na wace ƙasa ne? Mai tuƙa shi ya iya? In ya yi ɓarna wa zai biya? Sai kuma ta kwastan, wadda ta fi kowace nauyi: in ya shigo, zai fita, ko sayar da shi za a yi a bayan fage?

A Najeriya, koguna da tafkunan cikin gida suna hannun hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta a Lakwaja, tana kuma da ofishin yanki a Yawuri. Ita ke yi wa jirage rajista, ta duba lafiyarsu, ta ba matuƙa izini. Manyan jiragen teku masu ɗaga tutar ƙasa kuwa NIMASA ce ke da rajistarsu. Namu ɗan tsako ne, na cikin gida, don haka mun san layin da za mu bi. Abin da ya kayar da mu daga gida ya fito. Rasit ɗin da mai yasar rairayi ya ba mu a bayan takardar makarantar ɗansa ya rubuta shi: "Na sayar da inji ɗaya." Ba lambar inji, ba kwanan wata, sa hannun ma kamar tafiyar kiyashi. Ga lamba ɓaro-ɓaro a jikin ƙarfe, amma ba takardar da ta haɗa lambar da sunanmu.

A sana'ar manhaja akwai wata cuta da duk ɗalibin kwamfuta ya sani. Aiki biyu ne ke gudana a cikin na'ura, na farko ya riƙe abin da na biyu ke jira, na biyu ya riƙe abin da na farko ke jira, sai su tsaya cak, kowa na kallon kowa har a kashe na'urar. Mun karanta ta a aji uku, mun ci jarrabawa a kanta, amma sai a watan Oktoban 2024 muka zauna a cikinta. Wani kamfanin inshora ya ce ba ya taɓa jirgin da ba shi da rajista. Wani teburi ya ce a kawo shaidar mallaka mai lambar inji kafin a yi maganar dubawa. Mai injin ya ƙaura, wayarsa a kashe. Wani ya ce a kawo jirgin a gani, alhali jirgin yana Maruta, kuma jan sa a kan titi ba takarda wata rigimar ce. Mako uku muka yi muna zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Wanda ya kwance mu wani tsohon masinja ne, da ya ga fuskarmu sau huɗu a mako ɗaya ya ji tausayi. Ya ce, "'Ya'yana, ku je kotu ku yi rantsuwa." Takardar rantsuwa guda, mai ɗauke da lambar inji, da ranar saye, da sunan shaidu biyu, ita ta buɗe ƙofar farko, sauran suka biyo baya kamar carbi ya tsinke. Aka duba jirgi, aka ƙidaya rigunan kariya daga nutsewa, aka ga filafili da igiya da abin kashe gobara. A fom ɗin rajista akwai gurbin sunan jirgi, muka rubuta Bunga. Ƙaramin ya zauna horon matuƙa ya fito da takardarsa. A nan akwai abin dariya da ba ya ba da dariya: a cikinmu uku, mutum ɗaya ne zai kalli fuskar ruwa ya gaya maka inda kututture yake kwance a ƙasa, ko da idonsa ɗaya, kuma shi ne kaɗai ba shi da izinin riƙe inji.

Ba za mu yi wa dokokin nan dariya ba, ko da yake sun sha mana rai. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya taso daga jihar Neja zuwa Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da fiye da mutum 150, ya dare a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Kusan kowace damina sai an ji irin wannan tsakanin Kabi da Neja da Kwara da Kogi, kuma dalilan ba sa canjawa: lodi fiye da kima, tsohon katako, tafiyar dare, kututturan itatuwan da ruwan madatsar Kainji ya shanye tun 1968, da rashin rigar kariya. Hana tafiyar dare da tilasta sa riga ba ƙa'idar Bature ba ce, da gawawwaki aka rubuta su. Abin da ya tsaya mana a rai kawai shi ne, dokar ta fi saurin ganin wanda ya kawo kansa.

Sai ɓangaren ƙetare. Fasfo uku, da katin rigakafin shawara uku, waɗannan ba wuya. Motar da za ta ja tirela aka yi mata katin inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, tsarin da ya faro a 1982, amma shi ɓarnar mota a kan titi ya sani, bai san ruwa ba. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza, ta kuma yi maganar abin hawansa: lasisin tuƙi, takardar mallaka, inshora, takardar kwastan. Duk wanda ya karanta ya san da mota a zuciya aka rubuta ta. A ƙasashen da Faransa ta raina, baƙuwar mota takan karɓi takardar wucin gadi a bakin iyaka, wadda direbobin Maraɗi da Damagaram ke kira lesefase, shaidar cewa za ta fita kamar yadda ta shigo. Muka ɗauka jirgi ma haka za a yi masa. Muka biya wani malamin Faransanci ya fassara mana rajista da rasit da rantsuwa.

Takarda ta goma sha ɗaya ita ce abin alfaharin Babban. A tone-tonensa ya gano cewa a watan Oktoban 1963 ƙasashe tara da Kwara da rassansa suka ratsa sun sa hannu kan wata yarjejeniya a Yamai, wadda ta buɗe kogin ga jiragen 'yan kasuwa, har da na shaƙatawa, na kowace ƙasa. Daga wannan zama ne aka samu hukumar kogin a 1964, wadda a 1980 ta zama Hukumar Raya Kogin Neja mai mazauni a Yamai. Ya buga ta, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurin da aka ambaci jiragen shaƙatawa, ya sa a leda. Ji yake kamar ya samo laƙanin ɓacewa.

Lokacin tafiyar Baffa ne ya zaɓa, ba kalandar kamfani ba, sai dai Allah ya sa suka dace. Kwara sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar kusa, mai laka da haushi, wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda aka yi samansa can tsaunukan Gini, ya bazu a fadamun Mali ya yi watanni yana tace lakarsa, sannan ya iso ƙasar Dandi cikin sanyin hunturu, garau, a natse. Shi masunta ke so, shi ma ya dace da ƙaramin jirgi. Ranar 25 ga Disamba muka ɗaura Bunga a tirela bayan sallar asuba. Birnin Kudu, Kano, Funtuwa, Gusau da addu'a a baki, muka kwana Sakkwato. A kowane shinge sai an yi dariya kafin a nemi takarda. Wani ya leƙa ya ce, "Alhaji, ambaliya aka ce muku za a yi?" Wani kuma, da muka kusa iyaka, bai kalli jirgin ba sam, jarkokin fetur biyu ya ƙura wa ido. Tun Nuwamban 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, jarka a wannan yanki magana take yi da kanta. Sai da muka nuna masa tankin inji, muka yi lissafin lita da sa'o'in tafiya a bayan kwalin ashana, sannan ya ɗaga hannu.

A masaukin Sakkwato muka tarar kowa ya duƙufa kan waya. A ranar ce shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdurahman Tchiani, ya yi doguwar hira da Hausa, yana zargin Faransa da wasu hukumomin Najeriya da hannu a shirin dagula ƙasarsa. Abuja ta musanta. Mu dai mun san ba a lokacin lumana muka fito ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso sun ce sun fita daga ECOWAS, fitar za ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, saura wata guda da 'yan kwanaki. Kwana goma sha ɗaya kafin mu taso, ƙasashen uku sun sanar cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, wannan ne ya ƙarfafa mana gwiwa. Amma sanarwar mutane ta ambata da motocinsu. Yanzu kuma ga wannan hira.

Wanda bai taɓa zuwa wajen Kamba da Lolo da Dole Kaina ba, da wuya ya gane yadda ƙasashe suka cukuɗe a wurin. In ka bar ruwan Najeriya ka haura, hannunka na dama Nijar, na hagu Benin, iyakar kuma a cikin kogin take, sai da kotun duniya ta zauna a 2005 ta raba musu tsibirai, ta ba Nijar Lete. Gaya da Malanbil suna kallon juna, gada a tsakaninsu, gadar kuma a lokacin a toshe take ta ɓangaren Nijar tun bayan juyin mulkin. Turawan Ingila da Faransa da suka bi layin nan tsakanin 1906 da 1908 suna kafa duwatsun iyaka 148 daga Kwara zuwa tafkin Chadi ba su tambayi Dandawa ko Zabarmawa ko Kabawa ba, su kuma har yau ba su gama yarda ba. Kwale-kwale na tashi da albasa da shinkafa da buhunan gero, da amare da 'yan makarantar allo, ba mai tambayar lambar injinsa.

Jami'in da muka samu a mashigar ruwan ya manyanta, furfura ta fara masa. Ya ba Baffa kujerarsa, ya karɓi jakar leda, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba. Shi ne mutum na farko, kuma na ƙarshe, da ya karanta su duka. Da ya zo kan ta 1963 ya daɗe yana kallon jan layin, ya yi murmushi.

"Malam, shekarata ashirin da biyu a bakin ruwa, ban taɓa ganin wanda ya zo da wannan ba."

Muka ce, to, akwai abin da ya rage?

"A wurina babu. In kun ce za ku fita, zan buga muku hatimi yanzu. Amma hatimina a wancan tsibirin yake ƙarewa. Can sai duwan sun ba jirgin takardar shiga, kuma jandarma za su so sanin dalilin da farin jirgi mai gudu, da baƙi uku, da wayoyi masu taswira, zai bi tsakanin ƙasashe biyu da ba sa ga maciji, a wannan makon. Ƙila su bar ku. Ƙila su ce jirgin ya jira umarni daga Doso ko Yamai. Hutunku kwana nawa ne?"

Muka ce saura tara.

Ya mayar da takardun cikin leda, ya ja zif, ya miƙo mana da hannu biyu. Ya juya ga Baffa: "Baba, ku da kuka san ruwan nan, ku faɗa musu."

Baffa bai faɗa mana komai a wurin ba. Sai da dare, a gidan sarkin ruwan da ya sauke mu, bayan an ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, su biyun sun gama ƙidaya matattun da suka sani tare. Babban yana ta jera hujjoji, yana cewa doka tana bayanmu, wata huɗu muka yi muna wannan wahala, ba za mu juya a bakin gaɓa ba. Baffa ya bari ya gama, sannan ya ce, "Kai ɗan boko. Ni cewa na yi da ruwa zan koma. Yaushe na ce da jirginku?"

Shekara goma Babban ya yi yana gargaɗin ƙananan ma'aikata cewa kada su gina abin da mai aiki bai nema ba, su saurari abin da ya faɗa, ba abin da suke sha'awar ginawa ba. A daren nan bai sami bakin magana ba. Bashin shekara ashirin da bakwai muke son biya, kuma mun fi son a gan mu muna biya, da farin jirgi mai suna a gefe, mu a kan inji, Yaya a bakin gaɓa tana kallon irin 'ya'yan da aka bar ta saboda su. Ƙaramin ne ya fara dariya, sarkin ruwa ya taya shi.

Da hantsi aka buga mana hatimi a fasfo, muka bar Bunga a ɗaure a hannun sarkin ruwa, muka shiga kwale-kwalen kasuwa na katako, tsakanin buhunan albasa da wata tunkiya. Rigunan kariyarmu uku muka ɗauko muka saka, mu kaɗai a cikin mutum kusan talatin, wata tsohuwa tana tambayar ko mu 'yan ƙwallo ne. Ragowar biyun muka ba wata mai goyo da ɗanta. Baffa ya zauna can gaba inda ba a son fasinja ya zauna, matuƙin ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji tsohon ya kira sunan wani tsibiri da sunansa na da, ya ce a nan dorina ke kwana. Daga nan bai sake ce masa komai ba, sai ma tambaya. Ya sa hannu a ruwan, ya ɗebo, ya kai kusa da idonsa mai gani, ya shafa a fuska. A ɗaya ɓangaren aka duba fasfo da katin shawara, aka tambayi wurin wa muka zo, muka faɗa, aka ce mu wuce. Minti goma bai cika ba.

Abin da ya faru a gaɓar Gaya ba namu ba ne da za mu baza a waya. Mace ce mai shekara arba'in da huɗu, da jikoki biyu, da goshin Baffa sak. Ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da ruwa." Shi kuma ya kasa amsawa. Mu ta kalle mu ta ce, "Ku ne ƙannen nawa? A waya kun fi girma." Kwana biyar muka yi. Ta kai shi kabarin mahaifiyarta, mu muka tsaya daga nesa. Ba ta taɓa ambatar 1997 ba, mu ma ba mu tayar ba, sai dai a dare na uku ta ce mana, ba tare da an tambaye ta ba, kakarta ta riƙe ta da kyau.

Ranar komawa ta ce sai ta ga jirgin nan da aka cika mata kunne da shi a WhatsApp. Ta biyo mu a kwale-kwalen kasuwa da katin ɗan ƙasarta a ƙullin zane, har gidan sarkin ruwa. Ƙaramin ya ɗaura inji, ya ja igiya sau biyu ya tashi. Muka sa mata riga, ta zauna a tsakiya tana riƙe da gefe da hannu biyu. Muka yi ƙasa, cikin ruwan Najeriya, inda takardunmu goma sha ɗaya ke da ƙarfinsu. Da muka yi nisa da gari, Ƙaramin ya dubi hagu ya dubi dama, ya matsa gefe, ya kama hannun Baffa ya ɗora a kan maƙurar inji, nasa hannun a kai. Baffa ya rage gudun har jirgin ya koma tafiyar kwale-kwale. Yaya ta sunkuya tana karanta rubutun da ke gefen jirgin harafi-harafi, irin karatun 'yan lakwal, ta ɗago ta ce, "Baba, mene ne Bunga?"

Ya ce, "Wani ɗan kogi ne a wajenmu. In kin zo da damina sai ki gan shi."